Gawayin Tacewa: Yadda Yake Cire Rini Daga Ruwa

Mai karatu, ka lura da ruwan da marina ke zubarwa bayan an gama rini da galura. Idan ya gangara cikin Gulbin Maraɗi ko tabkin Madarumfa, launinsa yana tare hasken rana. Tsirran ruwa sai su raunana, kifi kuma ya ragu, masunta su yi asara.

Menene gawayin tacewa?
Gawayi ne da ake yi daga ɓawon gyaɗa, ƙwallon goriba, ƙwallon aduwa ko totuwar masara. Da farko ana ƙona su a rufe, ba iska. Sa'an nan a sake gasa gawayin da tururi mai zafi kamar digiri 800. Wannan shi ke buɗe ƙananan ramuka masu ɗimbin yawa a jikinsa. Giram 1 kawai yana iya samun faɗin da ya wuce murabba'in mita 500 a cikin ramukan nan.

Yaya yake aiki?
Idan ka zuba garinsa cikin ruwan rini ka motsa, ƙwayoyin launi suna maƙalewa cikin ramukan. Ka bar shi ya kwanta, sa'an nan ka tace da ƙyalle.

Ka kiyaye:
1. Gawayin girki ba ya da ƙarfin wannan.
2. Ruwan da ya washe ba na sha ba ne. Gawayi ba ya kashe ƙwayoyin cuta.
3. Gawayin da ya cika da launi, kada ka zubar da shi kusa da rijiya ko gulbi.