Waiwaye Kan Gubar Zaiba a Man Bilicin

Wannan maƙala za ta yi waiwaye ne kan gubar da ake zubawa da gangan cikin man shafawa. Masu haɗa man bilicin sun daɗe suna sanya zaiba a ciki, domin tana hana fata samar da baƙin launinta. A 1972 likitoci a Nairobi suka danganta ciwon ƙodar da ke kumbura 'yan mata da irin wannan mai. A 1975 kuma aka bayyana a Afirka ta Kudu cewa sinadarin haidirokwinon, in an daɗe ana shafa shi, yakan bar baƙin tabo mai wuyar gushewa. Ita kuwa zaiba, ratsa fata take yi ta taru a jiki, ta lalata ƙoda, ta haddasa karkarwa da mantuwa, har ta kai ga ɗan tayi.

Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta taƙaita zaiba a kayan kwalliya, sannan a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Sai dai doka ba za ta yi tasiri ba matuƙar ba a tsananta binciken hajar da ke ƙetare iyakoki irin na Sahuda ta Mubi ba.