Ari Vatanen

Ari Vatanen tsohon direban tseren mota ne ɗan ƙasar Finland, an haife shi ranar 27 ga Afrilu, 1952. Ya zama zakaran duniya na tseren rali a 1981. Mummunan haɗari a Ajantina a 1985 ya kusa hallaka shi, amma da ya warke sai ya fuskanci Sahara, ya lashe tseren Dakar sau huɗu: 1987, 1989, 1990 da 1991. A wancan zamani motocin kan ratsa rairayin Tenere su sauka Agadas da Yamai. A tseren Dakar na 1988 yana kan gaba aka sace motarsa a Bamako, nasarar ta kuɓuce masa. A 2009 ya nemi shugabancin hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, yana kiran a gyara tafiyar da ita, amma Jean Todt ya kayar da shi.