Tarihin Cip ɗin Nvidia da Ya Riƙa Kashe Kwamfutoci a 2008: Wa Ya Biya Kuɗin Gyara?

Mai karatu, idan ka taɓa riƙe laftof samfurin HP Pavilion dv6000 ko dv9000, ko Dell XPS M1330, ko MacBook Pro ɗin 2007, mai yiwuwa ka san wannan ciwon. Ka danna makunni, fitilu su kama, fanka ta fara juyi, amma sikirin ya tsaya baƙi ƙirin. Wani lokaci kafin a kai nan sai hoto ya riƙa tsagewa da layuka masu launi, ko wayales ya ɓace kamar ba a taɓa sa shi ba. Dubban mutane sun ɗauka su suka yi wa na'urarsu wani abu, alhali tun daga masana'anta ta fito da laifinta. A yau za mu bi tarihin wannan matsala, mu ga abin da ke karyewa a cikin cip ɗin, sannan mu ga yadda ta kaya tsakanin masu saye da kamfanoni a kan kuɗin gyara.

Ranar da maganar ta fito

Kamfanin Nvidia, wanda aka kafa a 1993 kuma yake da hedikwata a Santa Clara ta jihar Kalifoniya, shi ne ke tsara cip ɗin sarrafa hoto mai suna GeForce. Ba shi da masana'antar kansa. Yana zana cip ne, kamfanoni irin su TSMC na Taiwan su ƙera, wasu su haɗa shi, sannan a sayar wa masu ƙera kwamfuta irin su HP da Dell da Apple. Riƙe wannan jerin hannuwan a zuciyarka, don shi ya ba kowa damar nuna wani da yatsa daga baya.

Ranar 2 ga Yulin 2008 Nvidia ya sanar da hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka, wato SEC, cewa zai ware tsakanin dala miliyan 150 zuwa 200 don gyara da musanya wasu cip-cip na laftof da ke mutuwa fiye da ƙima. Ya ɗora laifin a kan raunin kayan da aka haɗa cip ɗin da su, ya kuma ƙara da tsarin sanyaya kwamfutocin da yadda mutane ke amfani da su. Washegari darajar hannun jarinsa ta faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari. Abin da sanarwar ba ta yi ba shi ne lissafa samfuran da abin ya shafa. Kai da ka sayi laftof, ba ka da hanyar sanin ko taka tana ciki.

Wani ɗan jarida mai suna Charlie Demerjian, da ke rubutu a The Inquirer a lokacin, shi ya dage a kan cewa matsalar ta fi yadda ake faɗa girma, kuma ta shafi dangin cip biyu da ake kira G84 da G86, waɗanda ke cikin GeForce 8600M da 8400M. Daga rubuce-rubucen wancan lokaci ne lamarin ya samu laƙabin Bumpgate, saboda ɗigo-ɗigon soda da ke ƙarƙashin cip ɗin, waɗanda sunansu ke nan da Turanci.

Me ke karyewa a ciki?

Idan ka buɗe laftof ka cire abin sanyaya, za ka ga cip ɗin hoto: wani ɗan falle mai sheƙi kamar madubi, zaune a kan ƙaramin allo kore. Fallen mai sheƙi shi ne silikon, nan ake duk lissafi. Kife shi aka yi a kan ƙaramin allon, kuma ɗaruruwan ɗigon soda ne ke haɗa su, kowanne kaurinsa bai wuce na gashin kai da yawa ba. Ta cikinsu wuta da saƙonni ke wucewa. Shi kuma ƙaramin allon, wasu ƙwallayen soda manya ne ke manna shi da madabod. Ka ga hawa biyu kenan na soda, na ciki da na waje.

Yanzu sai kimiyyar. Kusan kowane abu yana buɗewa idan ya ji zafi, ya tsuke idan ya huce, amma ba daidai da juna ba. Silikon yana buɗewa da kamar kashi 3 cikin miliyan a kowane digiri ɗaya, shi kuwa ƙaramin allon yana yin kusan 17. Mu ɗauka faɗin silikon ɗin milimita 12 ne, wato 6 daga tsakiya zuwa gefe, kuma zafi ya tashi daga digiri 30 zuwa 80. Bambancin 14 cikin miliyan, sau 50, sau milimita 6, zai ba ka kimanin maikuromita 4. Ƙanƙani ne ƙwarai, amma wannan jan yana sauka ne a kan ɗigon da shi kansa bai fi maikuromita 100 ba, kuma yana maimaituwa duk lokacin da na'urar ta yi zafi ta huce. Ka tuna yadda ake tsinke waya da hannu: ka lanƙwasa nan, ka lanƙwasa can, ba ta tsinkewa a karon farko, amma a hankali take gajiya har ta rabu. Haka ɗigon ke tsagewa.

Injiniyoyi sun san da wannan tun tuni. Shi ya sa ake ɗura wani gam mai tauri a tsakanin silikon da allon, ya cika sararin da ke kewaye da ɗigon, ya ɗauke musu nauyin jan. Sai dai kowane gam irin wannan yana da wani mataki na zafi da idan ya wuce shi sai ya saki, ya koma kamar roba. A binciken da Demerjian ya wallafa, gam ɗin da aka yi amfani da shi yana fara saki ne a wajajen digiri 70, zafin da cip ɗin laftof ke kaiwa har ya wuce ba tare da wani wahala ba. Ɗigon kuma na dalma ne kusan zalla, kashi 95 dalma, 5 kuza. To gam ya saki a daidai lokacin da ake buƙatarsa, ɗigo ya ɗauki jan shi kaɗai.

Wannan ne ya sa laftof ta fi kwamfutar tebur shan wahala. Wurinta matsattse ne, iska ba ta yawa, ana buɗe ta ana rufe ta sau da dama a yini, kuma tsarin tattalin batir yana ɗaga ƙarfin cip yana sauke shi kullum. Yawan hawa da saukar zafin ne ke ƙirga kwanakin cip ɗin, kuma gajiya irin wannan tana ɗaukar watanni kafin ta nuna. Garantin yawancin laftof kuwa shekara ɗaya ne. Ka ga inda gizo ke saƙa.

Abin da kamfanoni suka yi

Matakin farko shi ne sabunta BIOS, wato manhajar da ke tada kwamfuta, don fanka ta riƙa juyi da wuri kuma ta daɗe. HP ta yi haka watanni kafin sanarwar Nvidia, Dell ta biyo baya a Yulin 2008. Ta fuskar kimiyya dabarar tana da ma'ana, tunda rage zafi yana rage jan. Amma ba ta canja gam ko ɗigo ba, jinkirta mutuwar kawai take yi, kuma masu saye da yawa sun yi zargin cewa jinkirin zai tura matsalar ne zuwa bayan ƙarewar garanti. Ga ƙarar fanka, ga cin batir.

Daga nan aka shiga tsawaita garanti. HP ta ba wasu samfuran dv2000 da dv6000 da dv9000 da Compaq Presario gyara kyauta har zuwa wata 24. Dell ta ƙara wata 12 a kan wannan matsala ga samfura irin su Latitude D630 da Inspiron 1420 da XPS M1330. Apple, a Oktoban 2008, ta ce Nvidia ya ba ta tabbacin cewa kwamfutocinta ba sa ciki, amma binciken da ita ta jagoranta ya nuna wasu MacBook Pro masu GeForce 8600M GT, waɗanda aka ƙera daga wajen Mayun 2007 zuwa Satumban 2008, suna ciki. Ta fara da shekara biyu daga ranar saye, ta mayar uku, daga baya huɗu.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Kowane shiri yana da jerin lambobin samfuri, kuma wanda tasa ta nuna alamun ciwon amma lambarta ba ta cikin jerin, sai a ce ya biya. Wasu kuma sun yi ta ƙorafin cewa madabod ɗin da aka sa musu yana ɗauke da irin cip ɗin da aka cire, bayan wasu watanni ya sake mutuwa.

Ƙarar gayya

A Amurka doka ta yarda mutane masu koke iri ɗaya su haɗu a ƙara guda, wasu 'yan kaɗan su tsaya a madadin kowa. An haɗa ƙararrakin masu laftof a kotun tarayya da ke San Jose, gaban alƙali James Ware. A 2010 aka yi sulhu, ba tare da Nvidia ya amsa laifi ba. Masu Dell da Apple za a canja musu cip. Waɗanda suka riga suka biya gyara da kuɗinsu za su nemi a mayar musu daga wani asusu na dala miliyan 2. Masu HP kuma za a ba su wata kwamfutar mai kama da tasu a iri da daraja. Lauyoyin masu ƙara suka tashi da dala miliyan 13.

Da lokacin musanya ya zo a 2011, sai masu HP suka ga Compaq Presario CQ56 ake ba su, na'ura mai arha daga ƙasan layi, ko da kuwa tasu ta asali mai babban sikirin ce da suka saya sama da dala 1,000. Masu HP irin ta rubutu a kan sikirin kuma aka ware musu wata ƙaramar Asus Eee. Wasu suka koma kotu, lauya Ted Frank ya tsaya musu, amma alƙali ya ƙi amincewa da ƙorafin. Ga mutanen nan, abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu hannun jari su ma sun kai tasu ƙarar, cewa kamfanin ya san da matsalar ya yi shiru, amma aka kore ta, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da korar a 2014. Duk da haka Nvidia bai sha da daɗi ba: zuwa 2010 abin da ya ware kan wannan lamari ya haura dala miliyan 400.

A Turai hanyar daban ce. A wancan lokaci, dokar Tarayyar Turai ta 1999 ta ɗora wa mai sayarwa alhakin kaya na aƙalla shekara biyu, a Ingila kuma dokar cinikin kaya ta 1979 ta ba mai saye damar bin haƙƙinsa har shekara shida, idan ya iya nuna cewa da laifin aka sayar masa. A nan ne amincewar da Nvidia ya yi a rubuce ta zama hujja a hannun mai saye.

Waɗanda ba su cikin lissafi

Sulhun San Jose na waɗanda suka saya a Amurka ne kawai, kuma wa'adin neman haƙƙi ya rufe a 2011. Su kuwa na'urorin ba su ɓace ba. Da yawa sun bi hanyar da tsofaffin kwamfutocin Turai da Amurka ke bi, suka sauka a kasuwanninmu a matsayin na hannu, babu rasit, babu garanti sai na kwana biyu ko mako da mai shago ya ga damar bayarwa.

A nan ne gyaran zafi ya yi suna. A ƙasashen waje wasu na sa madabod a tandar gasa burodi a kan digiri 200, a wajenmu kuma mai gyara ya hura wa cip ɗin bulowa. Sau da yawa hoto yana dawowa, sai a ce soda ta narke ta kama. Duba lambobin: dalma mai ƙarfin kashi 95 ba ta narkewa sai an haura digiri 300. Abin da ke faruwa shi ne zafi ya motsa kayan, bakin tsagar ya sake taɓa juna, amma tsagar tana nan. Bayan makonni ko watanni sai ciwon ya dawo. Canja manyan ƙwallayen ƙasa ma bai kai inda ciwon yake ba, tunda shi yana hawa na ciki. Haka nan zancen da ya yaɗu cewa dokar RoHS ta Turai, wadda ta taƙaita amfani da dalma daga Yulin 2006, ita ta jawo wannan, bai zauna daidai ba: dokar ta keɓe sodar cikin cip irin wannan, kuma ɗigon da ake magana a kai cike suke da dalma. Gyaran gaskiya shi ne a sa sabon cip da aka haɗa da kayan da aka gyara.

Abin da ya kamata ka riƙe

Wannan ba shi ne karo na farko ba, ba kuma na ƙarshe ba. A Yulin 2007 Microsoft ta ware sama da dala biliyan 1 saboda mutuwar Xbox 360, ta mayar da garanti shekara uku. MacBook Pro ɗin 2011, masu cip ɗin AMD, su ma sun kamu da ciwon hoto, kuma sai a Fabrairun 2015 Apple ta buɗe shirin gyara su kyauta. A duk waɗannan, sai da masu ƙorafi suka taru suka nuna cewa ciwon iri ɗaya ne kafin kamfani ya motsa.

Saboda haka idan na'urarka ta mutu ba faɗuwa, ba ruwa, fara da binciken lambar samfurinta tare da alamar da ta nuna, ka ga ko akwai shirin gyara kyauta. Ajiye rasit ɗin saye da na duk gyaran da ka biya, don a shari'ar Nvidia da shirin Apple mai takarda ne ke iya neman a mayar masa da kuɗi. Kai ƙorafi a rubuce tun garanti yana da rai, saboda kwanan watan ya zama shaida. Kada ka bari a hura mata wuta kafin wakilin kamfani ya gani, don alamar ƙuna tana iya rushe maka haƙƙi. A Najeriya akwai hukumar FCCPC, ƙarƙashin dokar gasa da kare masu saye ta 2018, da ke karɓar irin wannan koke. Idan kuma ta hannu za ka saya, duba kewayen cip ɗin ko akwai alamar ƙuna, ka sa ta aiki mai nauyi ta yi zafi, ka bari ta huce, ka sake kunnawa, sannan ka nemi mai shago ya rubuta maka kwanakin gwaji a jikin rasit.