Hanyar Ƙafa da Jadawalin Bas a Gandun Dajin Ƙasa na Suwizalan

Gandun dajin ƙasa na Suwizalan yana can kusurwar kudu maso gabashin ƙasar, a jihar Graubünden, ya jingina da iyakar Italiya. An kafa shi ranar 1 ga Agusta, 1914, kuma faɗinsa a yau ya kai murabba'in kilomita 170. Ba shi da shinge, ba a biyan kuɗin shiga, amma dokokinsa sun fi na yawancin takwarorinsa na Turai tsauri. Ba a sauka daga kan hanyar da aka shata. Ba a shiga da kare ko da yana ɗaure, ba a hura wuta, ba a kafa tanti, ba a tsinkar fure, ba a hawa keke. Itacen da ya faɗi, nan zai ruɓe. Kwana kuwa wuri biyu ne kacal: bukkar Cluozza da otal ɗin Il Fuorn. Abin da baƙo ke da iko da shi duka hanyoyin ƙafa ne guda 21, waɗanda jimillar tsawonsu bai wuce kilomita 100 ba, su ma ana rufe su idan dusar ƙanƙara ta sauka.

A wurin da aka ƙuntata wa mutum haka, inda zai shiga da inda zai fita su ne kusan dukkan zaɓin da ya rage masa. Nan ne bas ya shigo cikin maganar, kuma matsayinsa ya wuce na abin hawa. Yana cikin tsarin hanyoyin kansu.

Tarihi ya taimaka. Titin da ya ratsa gandun ta mashigar Ofen, wadda tsayinta ya kai mita 2,149, ya girmi gandun, domin tun shekarun 1870 aka gina shi don kekunan doki. Jihar Graubünden kuma ta haramta motocin masu zaman kansu daga 1900 har zuwa 1925, bayan an sha jefa ƙuri'a a kan batun. Wato lokacin da Paul Sarasin na Basel da abokan aikinsa suka karɓi hayar kwarin Cluozza daga hannun garin Zernez a 1909, ba wanda ke tunanin baƙo zai iso da motarsa. Jirgin ƙasa ya iso Zernez a 1913, daga nan kuma sai abin hawan gidan waya ko ƙafa. Bas mai ruwan ɗorawa da ke bin titin a yau magajin wancan abin hawa ne, kuma har yanzu na kamfanin gidan waya ne.

Abin da ya fi cancantar nazari shi ne yadda bas ke sauya siffar tafiya. Mai mota ɗaure yake da inda ya ajiye ta: ko ya je ya dawo ta hanya ɗaya, ko ya yi zagaye. Wanda ya zo a bas ba shi da abin da ya bari a baya, don haka yana iya shiga ta wannan kwari ya ɓulla ta wancan. Mafi kyawun hanyoyin gandun irin wannan ne. Mutum zai sauka a Buffalora, kusa da ƙolin mashigar, ya hau tsaunin Munt la Schera da ya haura mita 2,500, ya hango ruwan dam ɗin Livigno a ƙasa, sannan ya gangara cikin daji zuwa Il Fuorn, inda wani bas ɗin zai ɗauke shi. Tafiyar awa biyar ce ko kusa da haka, kuma gangara ta fi hawa yawa, domin bas ya riga ya cinye masa kaso mai tsoka na tudun. Ta Margunet ta fi gajarta: daga Stabelchod a haura zuwa wani doro, a sauko ta kwarin Botsch. A Stabelchod ɗin ne aka fara sakin ungulu mai gemu a Suwizalan, a 1991, bayan an daɗe da ƙarar da irinta a tsaunukan Alps. A wuraren hutawa, waɗanda aka kewaye da turaku masu ruwan ɗorawa, za ka tarar da mutane zaune a ƙasa da tabarau mai hangen nesa, suna cin burodi da cuku, wata dabba mai kama da ƙaton kurege tana fito daga bakin raminta 'yan taku kaɗan daga ƙafafunsu. Ba ta gudu, domin shekara da shekaru ta ga ɗan'adam ba ya ƙetare turakun.

Hanya ta uku kwana biyu take ci. A tashi da ƙafa daga tashar jirgin Zernez zuwa bukkar Cluozza a kwana, washegari a tsallaka doron Murter, inda ake hango sawun dinoso a jikin wani falalen dutse mai nisa, a sauko Vallun Chafuol a jira bas. Mai mota da ya so yin wannan dole ya bar motarsa a Zernez, shi ma ya bi layi.

Duk wannan yana tafiya ne saboda abu ɗaya: tabbaci. Tun 1982 Suwizalan ta ɗora sufurinta a kan jadawali mai maimaita kansa, ta yadda jirgi ke isowa a minti ɗaya na kowace awa, bas kuma yana jiransa a bakin tasha. Mu da muka saba da motar da ba ta tashi sai ta cika mun san bambancin: wannan ko da fasinja biyu zai tashi, ko da babu kowa ma. A lokacin bazara kusan kowace awa akwai bas mai zuwa garin Müstair, wasu har Mals a cikin Italiya. Ba wanda zai yarda ya ɓulla a bakin titi tsakiyar daji, da yamma, a gajiye, in bai tabbata za a zo ɗaukarsa ba. Amma jadawalin nan ubangida ne mai tsanani. Wanda ya daɗe yana kallon barewa a kan dutse har bas na ƙarshe ya wuce, ba shi da izinin kafa tanti, ba shi da na hura wuta. Ta haka agogon direba ke yin wani aikin da masu gadin gandun, 'yan ƙalilan da su, ba za su iya ba: yana kwashe mutane daga daji kafin magariba, lokacin da namun daji ke fitowa kiwo.

Sai dai yabon da ake yi wa tsarin yakan wuce gona da iri. Titin da ke ɗauke da bas shi ne babban miki a jikin gandun. Ya raba shi gida biyu, kuma da yawa daga masu binsa ba ruwansu da daji. Akwai masu manyan babura da ke zuwa don daɗin kwanoni, ƙararsu tana kaiwa har saman hanyoyin ƙafa. Akwai masu zuwa Livigno, garin Italiya da ba a biyan wasu haraji, ta wani ramin ƙarƙashin dutse mai hannu ɗaya da bakinsa ke Punt la Drossa, cikin gandun. An haƙa ramin ne a shekarun 1960 don aikin dam ɗin Punt dal Gall, wanda ya tare kogin Spöl. Ko da kowane mai yawon daji zai bar motarsa a gida, waɗannan za su ci gaba da wucewa, kuma titin na jiha ne, hukumar gandun ba ta da ikon rufe shi. Ƙari a kan haka, matsayun bas da wuraren ajiye motoci galibi wuri ɗaya suke, har lambar filin ajiye motar tana cikin sunan matsayar. Bas ya ba da zaɓi, bai hana mota ba.

Akwai kuma batun taruwa. Inda hawa ya yi sauƙi, nan jama'a ke cika. Kwarin Trupchun, da ake shiga ta S-chanf, yakan cika maƙil a ƙarshen Satumba lokacin da mazan barewa ke ruri suna karo a kan mata, alhali tafkunan Macun, da aka haɗe da gandun a 2000, sai mai ƙwarin gwiwa, domin yini guda ne na hawa daga Lavin ko Zernez. Hakan ba lallai aibi ba ne. Gandun da aka kafa don a bar daji ya yi abin da ya ga dama yana cin riba idan baƙi suka taru a 'yan kwaruruka, sauran suka zauna shiru. Kwarin Mingèr yana tsakanin biyun: bas daga Scuol zuwa ƙauyen S-charl yana tsayawa a bakinsa, amma sau kaɗan a yini, kuma a lokacin bazara kawai. A gefen tsaunin da ke kallonsa ne aka harbe dabbar beyar ta ƙarshe a Suwizalan a 1904, ba a sake ganin wata a ƙasar ba sai 2005, lokacin da ɗaya ta tsallako daga Italiya ta bayyana kusa da titin Ofen.