Ciwon Makyarkyata da Tarihin Maganinsa

A ƙasar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, in aka ga dattijo hannunsa na rawa, tafiyarsa ta yi nauyi, sai a ce tsufa ne, waɗansu kuwa su ce iskoki ne. Alhali sau da yawa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, wanda masana suka daɗe suna fama da shi.

A cikin shekara ta 1817 wani likita na birnin London, James Parkinson, ya rubuta bayanin mutum shida masu wannan makyarkyata. Daga baya Charcot, babban likitan Faransa, ya sa wa ciwon sunansa. Da bincike ya yi zurfi aka gane wani sinadari ne na ƙwaƙwalwa, wai shi dofamin, yake raguwa. A 1967 George Cotzias na Amurka ya nuna cewa maganin levodopa yana maye gurbinsa. Abin mamaki, tun 1937 masanan Indiya suka samo wannan sinadari cikin ƙwayar ƙarara, watau tsiron nan mai ƙaiƙayi da manomi ke gudu a jeji.

To, amma bayan 'yan shekaru ƙarfin maganin yakan riƙa yankewa, jiki ya ƙage, ko ya yi ta fizge-fizge. Dā can dabarar da ta rage ita ce a ƙone wani ɗan wuri cikin ƙwaƙwalwa, abin da aka ƙone kuwa ba ya komowa.

A 1987, a garin Grenoble na Faransa, Alim-Louis Benabid yana shirin irin wannan aiki, mara lafiya kuwa yana farke, sai ya ga in bugun lantarki ya kai sau 100 a sakan guda makyarkyata takan tsaya cik, in an kashe ta komo. Daga nan aka fara dasa siririyar waya can cikin ƙwaƙwalwa a maimakon ƙuna, a haɗa ta da ɗan batir ƙarƙashin fatar ƙirji. A 1993 ya kai wayar wani gurbi mafi zurfi, wanda ke sassauta ƙagewar jiki ma. Hukumar Amurka ta yarda da aikin ga ciwon da ya yi nisa a 2002.

Duk da haka wayar ba ta kashe ciwon, sassauci take kawowa. Galibi kuma ba ta amfanar kowa sai wanda levodopa ta taɓa yi wa aiki, ga tsada, ga bukatar gwani mai daidaita ta. Saboda haka matakin farko ga mutumin Doguwa ko Ƙiru shi ne a san ciwo ne, a kai shi ga likitan jijiyoyi, kamar na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya fara shan magani tun ƙafarsa na iya kai shi gona. Da ma Hausawa sun ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.