Ajin Ƙarshe Nesa da Gida: Al'adun Ƴan Tarminal da Kakar Gishiri a Tegidda-n-Tesemt (1960-2000)

1. Gabatarwa

Duk wanda ya ce zai yi nazarin al'adun ajin ƙarshe na lise a Tegidda-n-Tesemt, tambayar farko da za a yi masa ita ce: a wace lise? Tambayar tana kan hanya, domin a tsawon shekarun da wannan takarda ta ɗauka, wato daga 1960 zuwa 2000, babu lise a ƙauyen. Da gangan muka zaɓi wurin. A ganinmu, al'adun ajin da ake kira tarminal a Nijar sun fi fitowa fili idan aka hango su daga garin da ɗalibi ya baro. Yawancin waɗanda suka gina waɗannan al'adu baƙi ne a biranen da suka yi karatu, kuma baƙuncin nan shi ya ba al'adun kamanninsu.

2. Garin gishiri da kalandarsa

Tegidda-n-Tesemt, da za mu riƙa kira Tegidda a taƙaice, tana cikin jahar Agadas, kimanin kilomita 90 arewa da Ingal. Ingal kuma tana kimanin kilomita 120 yamma da birnin Agadas. Da harshen Tamajak, tesemt na nufin gishiri, kuma da wannan kalma ake bambanta ta da sauran Tegiddoji irin su Tegidda-n-Adrar. Masu aikin gishirin dangi ɗaya ne da mutanen Ingal, harshensu Tasawak, wanda tushensa Sanwai ne amma cike yake da kalmomin Tamajak. Edmond da Suzanne Bernus sun bayyana rayuwar garuruwan biyu a littafinsu na 1972, Du sel et des dattes, wato gishiri da dabino. Ba nisa daga nan akwai kufan Azelik, wanda masana da dama ke ɗauka shi ne Takedda, garin tagulla da Ibn Battuta ya sauka a 1353.

Aikin gishirin na rana ne. Ana kwaɓa ƙasa mai gishiri da ruwan maɓuɓɓuga mai zartsi cikin manyan ramuka, a bari laka ta kwanta, a kwashe ruwan zuwa ƙananan ramuka, rana ta shanye shi, a tattara gishirin a yi curi, a shanya. Galibinsa na dabbobi ne, kuma ayari ke kai shi kudu, kasuwannin Adar da sauran ƙasar Hausa. Tun da rana ce ke aikin, kakarsa rani ce. Da damina ta sauka ruwa ya cika ramukan, aiki ya tsaya, mutane da yawa su koma Ingal, makiyaya kuma su hauro da garkunansu lasar gishiri, abin da takardun gwamnati ke kira Cure Salée.

Mai karatu ya riƙe wannan, don a kansa sauran bayaninmu ya dogara: shekarar lokol, wadda muka gada daga Faransa, tana farawa a watan Oktoba ta ƙare a ƙarshen Yuni. Kusan daidai da kakar gishiri ke nan. Ashe yaron da lokol ta ɗauka, ta ɗauke shi ne a watannin da gida ke bukatar hannunsa, ta maido shi lokacin da babu abin yi.

3. Doguwar hanya zuwa tarminal

A 1960, shekarar samun mulkin kai, yaran Nijar da ke lokol ba su kai 4 cikin 100 ba, kuma lise ɗaya ce a ƙasar, ta Yamai, wadda daga baya aka sa wa sunan Issa Korombe. A arewa lamarin ya fi haka ƙaranci. Sananne ne cewa a zamanin Turawa manyan gidaje sukan ɓoye ƴaƴansu su miƙa na barorinsu idan komandan ya nemi yara. Abdu Mumuni, a littafinsa L'éducation en Afrique na 1964, ya nuna yadda makarantar mulkin mallaka ta kasance tankaɗe mai ƙananan idanu, da aka yi don tace ƴan kaɗan. Tankaɗen bai canza sosai ba bayan 1960: sartifika a ƙarshen firamare, birbe bayan shekara huɗu na kwaleji, sannan shekara uku na lise da bak a ƙarshensu.

Kowane mataki da tafiyarsa. Ɗan Tegidda ko Ingal da ya tsallake firamare sai Agadas. Kafin Agadas ta sami lise tata, wato Lise Tagama, wanda ya ci birbe sai Damagaram ko Yamai, ita Yamai tafiyar kusan kilomita 1000 ce. Saboda haka duk wanda ya kai tarminal ya riga ya yi aƙalla shekara shida yana cin tuwon wani gida. Ƴan mata kuwa da wuya su kai nan. Aure kan riga birbe zuwa.

Da farko gwamnati ke riƙe da irin waɗannan ɗalibai a makarantun kwana. A cikin shekarun 1980, da kuɗin yuraniyom ya faɗi kuma aka shiga tsuke bakin aljihu, aka rufe yawancin ɗakunan kwana, aka koma ba ɗalibi ɗan kuɗin alawus, wanda ba kullum yake zuwa kan kari ba. Daga nan mai masauki ya zama ginshiƙin karatu: wani ɗan gari, ko abokin cinikin uba, ko ma'aikaci mai tausayi, da zai ba yaro zaure da ƙwaryar abinci, yaron kuma ya biya da ɗibar ruwa da aike. Ba mu san wani tarihin ilimi a Nijar da ya ba masu masauki haƙƙinsu ba, alhali da su aka ci bak fiye da yadda aka ci da wasu ministoci.

4. Shekarar kanta

Tsarin Faransa bai bar mana bikin yaye ɗalibai ba. A Kano ko Katsina, inda aka gaji Ingila, akwai ranar jawabi da raba kyaututtuka, da shugabannin ɗalibai, da walimar sallama. A wajenmu bikin raba kyaututtuka na ƙarshen shekara ya wanzu a zamanin Turawa da farkon mulkin kai, sannan ya ja baya. Abin da ya rage a hukumance jarrabawa ce kawai. Sauran duka ɗalibai ne suka ƙaga wa kansu.

Na farko kuma mafi ƙarfi shi ne rukunin karatu. Tun watan Oktoba ƴan tarminal kan rarrabu huɗu-huɗu ko biyar-biyar, gwargwadon sashensu, A na adabi da falsafa, C da D na lissafi da kimiyya. A haɗa kuɗi a sayi allon katako da alli, a jingine shi a bangon wani gida ko ƙarƙashin fitilar titi, tun da ba kowane zaure ke da lantarki ba. Sai tukunyar shayi a kan gawayi, zagaye uku kamar yadda ake yi a Abzin, na farko mai ɗaci don korar barci. Waɗanda muka zauna irin wannan zama mun san cewa rabin daren lissafi ne, rabi gardama. A nan ɗan Ingal mai Tasawak, da ɗan makiyaya mai Tamajak, da ɗan ma'aikaci Bazabarme da aka yi wa ubansa canjin wurin aiki, suke warware darasi da Faransanci su yi faɗa da raha da Hausa. Muna ganin akwai dangantaka tsakanin waɗannan rukunoni da fadojin samari da suka cika titunan biranen Nijar a shekarun 1990: tabarma ɗaya ce, shayi ɗaya, allon ne kawai ya ɓace.

Akwai kuma girman da ɗan tarminal ke ɗauka. A zamanin makarantun kwana sababbin shiga sun sha wankin kaya da aike a hannun manya, al'adar da ta zo daga barikin soja da makarantun Faransa, ta kuma tarar da girmama na gaba a gida ta zauna daram. Bayan rufe ɗakunan kwana ta yi sauƙi.

Wajen tsakiyar shekara ake makon al'adu: wasan kwaikwayo, gasar ƙwallo tsakanin azuzuwa, kacici-kacici, raye-rayen gargajiya inda kowa ke sa tufafin garinsu, da daren rawa na zamani a ƙarshe. Wannan ya sami ƙarfi a zamanin Seyni Kunce (1974-1987), lokacin da Samariya da bikin matasa na ƙasa suka mai da wasan kwaikwayo da waƙa aikin hukuma. Daren rawar ne ya fi jawo magana, domin malaman addini da iyaye ba su taɓa sakin jiki da shi ba.

Sai dai babu al'adar da ta yi wa ajin ƙarshe tambari kamar ta ƙungiya. An kafa ƙungiyar ɗaliban Nijar, USN, a 1960, kuma a lise galibi ƴan manyan azuzuwa ke riƙe da reshenta. Babban taro a filin makaranta, da fito na tashi daga aji, da jerin bukatu kan alawus da ƙarancin malamai, duk sun zama sashe na shekara kamar yadda sanyi da zafi suke. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, a zamanin Ali Saibu, jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗaliban da ke tsallaka gadar Kennedy a Yamai, aka kashe uku: Issaka Kaine, Alio Nahanci da Abdu Maman Sagiru. Wannan jini na cikin abin da ya kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Tun daga nan 9 ga Fabrairu ta shiga kalandar ƴan lokol ba tare da wani minista ya rubuta ta ba.

Amma dole mu faɗi ɗaya gefen. Yajin ɗalibai da na malaman da ke bin albashi sun jawo, fiye da sau ɗaya a shekarun 1990, abin da ake kira farar shekara, wato a soke shekarar karatu ɗungurungum. Ga ɗan birni, jinkiri ne. Ga ɗan Tegidda kuwa, shekara guda ce ta ƙarin nauyi a kan mai masauki, bayan faɗuwar darajar sefa da rabi a Janairu 1994, kuma ga tawayen Abzinawa da ya sa hanyoyin arewa sai da rakiyar soja, har zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. A irin wannan hali ba abin mamaki ba ne uba ya aiko a ce yaro ya dawo.

Daga bak na gwaji, wanda ake yi kafin na gaske, wasa ya ƙare. Watannin Afrilu da Mayu ne, zafin Agadas ya haura digiri 40, a wasu shekarun ma, kamar 1983 zuwa 1985, azumi ya faɗo daidai lokacin bita da jarrabawa. A nan gida ke shigowa. Uwa ta aiko da dabino da cuku, uba ya sa a yi sauka, a ba da sadaka, malam ya yi rubutun sha. Ɗalibin da ya kwana yana haddace Descartes ya wayi gari ya shanye rubutunsa, kuma ba mu taɓa jin wanda ya ga saɓani a ciki ba.

Ranar sakamako ita ce bikin da babu wanda ya tsara. Jama'a su cika filin cibiyar jarrabawa, shugaban alƙalan jarrabawa ya fito da takarda ya karanta lamba da suna, ɗaya bayan ɗaya: waɗanda suka ci kai tsaye, sannan waɗanda aka ba damar zagaye na biyu. Guɗa a nan, kuka a can. Wanda bai ji sunansa ba, a gaban kowa ya ji shirun, kuma su ne mafi yawa. Ko a shekarun baya-bayan nan sau da yawa masu ci ba su wuce ɗaya cikin uku ba. Ɗan gari ya ci, dangi su kewaye shi, a yi walimar da ƴan lokol ke kira arozaj, wato ban ruwa. Baƙo ya ci, mai masauki ne zai fara rungumarsa, labari kuma ya bi kamyo ko bakin matafiyi zuwa gida, ya isa bayan kwanaki.

5. Komawa

Sakamako kan fito ne a farkon damina. Sabon mai bak ya kama hanyar gida ya tarar ramukan gishiri sun fara cika da ruwa, laka ta sa hanyar Tegidda wuyar bi, dangi sun gangara Ingal. Can zai yi hutunsa, ya ga taron lasar gishiri a watan Satumba, tsofaffi su sa masa albarka ba tare da sun san takamaimai abin da ya ci ba. A lokacin da muke magana jami'a ɗaya ce ta gwamnati a ƙasar, ta Yamai, wadda ta fara a 1971 kuma ta ɗauki sunan Abdu Mumuni a 1992. Ta Agadas sai a 2014 aka kafa ta. Saboda haka a watan Oktoba, sa'ad da ƙannensa ke shirin yashe ramuka don sabuwar kaka, shi yana tashar mota da akwatinsa, yana neman wanda zai ba shi sunan wani mai masauki a Yamai.