Yatsan da Na'ura Ba Ta Gani

A wannan makon tarihin yatsa za mu bi.

A tsohon tsarin Kano akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Kutare. Ba mu ce zamanin ya yi musu adalci ba, bara aka bar wa yawancinsu. Amma hukuma ta san da zamansu, suna da bakin da ke kai kukansu fada.

Sai gwamnati ta koma sanin mutum ta zanen yatsansa. BVN ta zo a 2014. A zaɓen 2015 INEC ta kawo na'urar tantance masu zaɓe, wadda ta kasa karanta yatsan shugaban ƙasa Goodluck Jonathan kansa a Otuoke. A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN.

To mu dawo gida. Mu ɗauki manomin rani a bakin madatsar ruwa ta Watari, ƙaramar hukumar Bagwai, wanda fartanya ta shafe masa zanen yatsa. Shi ya sha dangwalawa sau biyar kafin na'ura ta amsa. Ina kuma maƙwabcinsa da kuturta ta cinye wa yatsu, ya yi jinya a asibitin Yadakunya ya warke? Me zai ɗora? Ga shi asusun banki da layin waya duk sun rataya a kan lambobin nan.

Gyara ya zo, amma da tafiyar hawainiya. A Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Na'urar BVAS da aka yi zaɓen 2023 da ita tana duba fuska idan yatsa ya ƙi. Wannan ci gaba ne, mu faɗi gaskiya. Sai dai takardar ƙuri'ar har yau dangwale take jira.

Makafi ma an tanadar musu jagorar ƙuri'a ta rubutun makafi a zaɓen 2019. Amma wannan rubutu sai wanda ya shiga makaranta irin ta Tudun Maliki a birni. Makahon ƙauyenmu da ka ya haddace Alƙur'ani, bai taɓa shafa shi ba. Ranar zaɓe ɗan jagora ne zai kama hannunsa, ya kuma san wanda ya zaɓa.